Alƙalamin Baba da Tawadar Allo

Ina ɗan shekara tara na kusa kashe alƙalamin mahaifina. A 1978 ne, lokacin yana koyarwa a wani ƙauye na wajen Kanambakashe, cikin ƙasar Mayahi, muna zaune a bayan lakwal, ɗaki biyu da rumfar kara. Alƙalamin irin mai shan tawada ne, kore mai duhu, da murfin farin ƙarfe, ƙirar kamfanin Hero na birnin Shangai a ƙasar Sin. Wani kawunmu mai fatauci tsakanin Tasawa da Kano ne ya kawo masa shi tsaraba, haɗe da kwalbar tawada shuɗiya. Kullum yana soke a aljihun gaban rigarsa, bakinsa na kallon sama, kuma kowa a gidan ya san dokarsa: ba a taɓawa, ba a ara. Ko sufeton makarantu ne ya zo rangadi ya nemi abin sa hannu, bik Baba zai laluba ya miƙa masa.

Wata Juma'a ya canza riga ya tafi masallaci, ya manta alƙalamin a aljihun wadda ya tuɓe. Na ɗauka, na zare murfi, na gwada a bayan kayena. Ya ja layi biyu ya tsaya, tawada ta ƙare. Allah ya sani ba ɓarna na nufa ba, so nake Baba ya dawo ya tarar an cika masa ya yi mamaki. Na sha ganin yadda yake yi: ya kwance gindin, ya tsoma bakin cikin kwalba, ya matsa wani ɗan ƙarfe da ke danne robar ciki sau uku ko huɗu. Kwalbar tana kulle a akwati, amma ai ni ma ina da tawada. Kurtuna na makarantar allo cike yake, ni na haɗa ta da hannuna da baƙin gindin tukunyar Inna da ƙaro, har malaminmu ya yaba kaurinta. Na tsoma, na matsa, alƙalami ya sha ya ƙoshi. Na rubuta sunana, ya fito baƙi wuluk, a idona ya fi na Baba kyau. Na mayar da shi aljihu na tafi wasa.

Baba bai buɗe shi ba sai ran Litinin da safe, da zai cika rajistar aji. Ko ɗigo bai fito ba. Da ya dawo cin abincin rana ya zauna a rumfa, ya kwance shi, ya ɗaga robar a hasken rana, ya shinshina. Bai tambayi kowa ba, ni ya kira.

Ya ce, "Zo nan, malam ƙarami. Kai ka ba shi abincin da ba nasa ba?"

Inna ta riga ta fito bakin ɗaki tana shirin ba da haƙuri, don ta ɗauka bulala za ta yi aiki. Sai ya sa aka kawo ƙoƙo da ruwan randa da aka tace da ƙyalle, ya ajiye a gabana ya ce wanda ya ɗaure shi zai kwance. Kwana uku ina wannan aiki bayan an tashi daga lakwal: in tsoma baki a ruwa, in matsa, in saki, in zubar da ruwan idan ya yi baƙi, in kawo sabo. Da dare a bar shi jiƙe cikin moɗa. Ranar farko ruwan ma bai shiga ba. Ranar biyu wasu ƴan ƙwayoyi kamar garin gawayi suka fara fitowa. Da yammacin rana ta uku Baba ya shanya shi a kan tsumma, ya cika shi da tawadarsa, ya ja layi, layi ya fito. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini. Na kama shi kamar yadda nake kama bik, na danna. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ka danna. Ɗora shi kawai, ka ja. Ya san aikinsa."

Sai da na girma na fahimci abin da na yi masa. A ƙarƙashin bakin irin wannan alƙalami akwai wani ɗan harshe mai siririyar kwata, sirantarta kamar gashi. Tawada tana bin kwatar da kanta, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, ta bi tsagar da ke tsakiyar bakin ta isa takarda, iska kuma ta koma ciki ta cike gurbin abin da ya fita. Saboda haka tawadarsa dole ta zama ruwa tsinkakke wanda rini ya narke cikinsa ɗungum. Tawadar allo kuwa garin baƙi ne da ƙaro ya riƙe. Wannan ƙaron shi ke sa ta kama allo ta yi ƙyalli, kuma shi ne idan ya bushe cikin kwata yake zama danƙo. Ba aibun tawadar ba ne, an yi ta ne don alƙalamin kara, wanda ba shi da ciki balle ya toshe. Haka tawadar zane ta Sin da tawadar hatimi ta ofis, duk suna kashe alƙalami mai shan tawada, kuma na ga manya masu gemu sun yi kuskuren da na yi ina ɗan tara.

Gidanmu gidan alƙaluma uku ne. Kakana malamin allo ne a wani ƙauye na ƙasar Korgom. Shi da kansa yake zaɓo kara, ya fiƙe shi da ƴar wuƙarsa, ya tsaga bakin kaɗan, ya gwada a kan farcensa. Tawadarsa ma biyu ce: ta allo wadda ake wankewa, da ta takarda wadda ake dafawa da bagaruwa, mai kama takarda shekara da shekaru. Almajirin da bai iya fiƙe alƙalaminsa ba, a wurinsa bai fara karatu ba. Da aka kama Baba aka kai shi lakwal ta Tasawa a zamanin Nasara, sai ya tarar da wani kurtun: ɗan farin kasko a cikin rami a kusurwar tebur, da tawada mai ruwan goro-goro da shuɗi wadda mushe ke haɗawa da gari a kwalba, da sanda mai bakin ƙarfe da ake tsomawa, irin wanda Faransawa ke kira Sergent-Major, da takardar tsotse tawada. Ya sha gaya mana cewa yaran da suka fito daga makarantar allo sun riga sauran iya wannan bakin ƙarfe, duk da an juya musu rubutu daga dama ya koma hagu, saboda hannunsu ya riga ya san cewa abu mai tsagaggen baki lallaɓa shi ake yi. Alƙalamin Hero shi ne na uku, kuma a wurin Baba shi ne alamar ya zama mutum.

Wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi rajistar irin wannan harshe mai kwata a 1884, daga nan alƙalami mai ɗauke da tawadarsa a ciki ya zama abin dogaro. Hero ɗin Baba ma kwaikwayon Parker 51 ne, wanda ya fito a Amurka a 1941. Amma a 1938 wani ɗan jarida na ƙasar Hangari, László Bíró, ya yi rajistar alƙalami mai ƴar ƙwallo a baki, shi ya sa ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa biro. Mu kuma sunan Marcel Bich muka ɗauka, wanda ya fitar da Bic Cristal a Faransa a 1950. Makarantun Faransa sun daɗe suna ƙin sa, sai a 1965 aka yarda ya shiga aji. Lokacin da na shiga lakwal ramin kaskon tawada yana nan a tsofaffin teburori, amma babu kowa a ciki sai ƙura da ɓawon gyaɗa.

Ba na cikin masu zagin bik. Ya yi wa talaka rana. Da dala ashirin yaro zai samu abin rubutu a teburin mai alawa, ba ruwansa da kwalba, ba ya zuba a aljihu sai an yi rashin sa'a, kuma idan ɗaki ya yi yoyo da damina rubutunsa ba ya wankewa. Na taɓa asarar rabin rajistar maki da na cika da tawadar ruwa a dare ɗaya, saboda kwanon ofis ya huje daidai kan tebur. Tun daga ranar, duk takardar da za a ajiye da bik nake cika ta.

Sai dai fiye da shekara talatin ke nan ina duba kayen yara, yanzu a wata makaranta ta ƙasar Sarkin Hausa, kuma akwai abin da nake gani wanda ya kamata mu malamai da iyaye mu faɗa wa juna. Tawadar bik mai kauri ce, da mai aka haɗa ta, kuma ƙwallon ba ya juyawa sai an danna, balle irin mai arha da ya sha rana a kasuwa. Yaro ɗan shida da ya fara da shi, danna yake koya kafin ya koyi harafi. Ku juya shafin kayen ɗanku ku shafa bayansa da yatsa, za ku ji rubutun ya kumbura, wani lokaci har shafi uku a ƙasa ana karanta shi. Ku dubi yatsansa na tsakiya ku ga kanta. Hannun da ke damƙe alƙalami haka kafin layi goma ya gaji, idan ya gaji sai ya fara gudu, idan ya fara gudu sai a ta koma o, n da u su zama abu ɗaya. A dikte wannan ba ƙaramar magana ba ce. A zamaninmu kuskure biyar sifili ne, kuma har yau mai gyara ba ya ba da maki a kan harafin da bai gane ba. Na sha ja wa yaro jan layi a ƙarƙashin kalmar da na tabbata ya sani, don kawai hannunsa ya ci amanarsa. A azuzuwan da ake koyarwa da Hausa abin ya fi muni, don ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ita ke fara salwanta, sai ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki.

Kayenmu ma ba haka kawai aka zana masa layuka ba. Wannan zane mai murabba'i na milimita 8 da ƙananan layuka na milimita 2, wani mai kantin littattafai ne a Faransa, Seyès, ya fito da shi a 1892 don koyar da tsawon haruffa: l da b da h su hau layi uku, d da t su hau biyu. Malamai nawa ne a cikinmu ke tsayawa su nuna wa yara wannan yanzu? Ni kaina akwai shekarun da na bari.

Na san abin da wani abokin aiki zai ce, don an faɗa mini a fuska: mushe, kana maganar alƙalami alhali yara na zaune a ƙasa? Gaskiyarsa. Ajin zana mai yara tamanin, babu tebur, kaye a kan gwiwa, iskar hunturu na shigowa ta kowace kafa, wanda ya kawo kwalbar tawada nan ya kawo rigima. Rabin lalacewar rubutun yaranmu daga rashin abin ɗora kaye ne, kuma alƙalamin zinariya ma ba zai gyara wannan ba. Shi ya sa ban taɓa cewa a mayar da shi dole a lakwal ba. Maganata a kan gida take, da kuma ɗan abin da malami zai iya yi a gefe.

Shekara huɗu da suka wuce na ba wani direba sautun ƙananan alƙaluma shida daga Kano, masu arha, da kwalbar tawada ɗaya. Na zaɓi yara shida a ajin ƙarshe, ba masu ƙoƙari ba, waɗanda rubutunsu ya fi ba ni ciwon kai. Sharaɗin shi ne alƙalami yana kwana a ofishina, ana rubutu da shi rabin awa bayan an tashi, a kan teburina, kuma kowa shi zai wanke nasa. Ɗaya ya buɗe bakin nasa kamar almakashi a makon farko saboda danna. Ɗaya ya gaji ya daina zuwa. Akwai bahaguwa a ciki, ita kuma gefen hannunta na shafe tawada kafin ta bushe, sai da muka karkata kayen muka sauke hannun ƙasan layi. Huɗu suka kai ƙarshen shekara. Ba zan ce sun zama gwanaye ba, amma da suka koma bik hannunsu ya yi sauƙi, bayan shafi ya daina kumbura. Abin da ban yi tsammani ba shi ne wata yarinya a cikinsu, wadda ke ɓatar da bik kusan kowane mako har uwarta ta zo ta yi mini ƙorafi. Ita ce ta ɗinka wa alƙalaminta ƴar jaka da guntun atamfa, kuma ranar da wani ya ɗauka ba izini sai da na raba faɗa. Da uwar ta zo karɓar sakamako ta ce, "Mushe, me ka yi wa ɗiyar nan? Yanzu ko ludayina ba ta bari a ƙasa."

Ga uba ko uwar da ke son gwadawa, kayan aikin duk akwai su a gida: ƙoƙo ko kofi, tsohon ƙyalle mai laushi, da ruwa mai tsabta. Ruwan shi ne abin lura. Ruwan rijiyoyinmu sau da yawa yana ɗauke da yashi ko kanwa-kanwa, don haka ruwan leda nake sawa, ko na randa da ya kwana aka tace. Mai sanyi, ba mai zafi ba, don zafi na lanƙwasa harshen ya sassauta robar. Kada a kusance shi da fetur ko kananzir ko alkol na asibiti, suna cin jikinsa. A tsoma baki, a matsa a saki har ruwan ya fito fari. Idan tawada ta bushe a ciki, a bar bakin ya kwana a ruwa, in ta ƙi a ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya tak, sannan a ɗauraye sosai. Bayan haka a tsayar da shi baki ƙasa a kan ƙyalle ya tsane kafin a cika. Idan zaren takarda ya maƙale a tsagar baki, kada a sa reza ko allura, nan ne mafi yawan alƙaluma ke mutuwa. Bakin takarda mai ƙarfi ko siririyar leda mai tauri ya isa a ja ta cikin tsagar a hankali. Wanda nasa mai ƴar robar tawada ce da ake cirewa a jefar, kada ya jefar, da sirinji sabo ake sake cika ta daga kwalba, da shi kuma ake tura ruwa a wanke harshen. A cire allurar a ɓoye idan an gama, yara na gida.

Littattafan da ke zuwa da waɗannan alƙaluma ba don ƙasarmu aka rubuta su ba, sai mutum ya koya da kansa. Da hunturu tawada na bushewa a baki kafin ka gama tunanin jimla ta gaba, saboda haka murfi ya koma da zarar hannu ya tsaya, kwalba kuma a rufe ta tun kafin a goge baki, don ƙurar da ta shiga kwalba cikin alƙalami za ta ƙare. A wannan lokaci duk mako biyu nake wankewa, sauran shekara sau ɗaya a wata. Bazara kuma nata daban ne. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke cikin robar tana kumbura ta turo tawada waje, kuma alƙalamin da ya kusa ƙarewa ya fi yin haka saboda iska ta fi yawa a cikinsa. A riƙa cika shi, a soke shi baki sama, kada a bar shi a jakar babur a rana. Na yi asarar farar shadda ɗaya a hanyar Mayahi zuwa Tasawa kafin in gane wannan, kuma maiɗakina ba ta manta ba. Idan hutun damina ya zo, a zubar da tawada, a wanke, a busar, sannan a ajiye. Kaye mai takarda sakwa-sakwa yana shan tawada ya baza ta, a gwada shafin baya kafin a saya.

Dokar Baba ta hana aro kuwa, da na ɗauka rowa ce. Ashe bakin yana gogewa ne daidai da karkatar hannun mai shi, kuma wanda ya saba da bik dannawa ɗaya zai yi ya buɗe tsagar.

Baba ya rasu a 2009. Da aka zo rabon kayansa babu wanda ya kula da alƙalamin sai ni, na same shi a ƙasan akwati cikin tsohuwar safa, a wanke, a bushe, kamar yadda ya saba ajiye shi kowane hutu. Robar cikin ce kawai ta taurare, na canza ta da ta wani Hero da na samu a Maraɗi. Da shi nake rubuta wasiƙa, da shi na fara rubuta wannan a kaye kafin ɗana ya buga mini a waya. Jikata ƴar shekara takwas ta fara zagaya teburina tana kallonsa, kuma ita ma tana da kurtu. Na mayar da shi saman kabad, na kuma ba direban nan sautun ƙarami ɗaya, ja, wanda zai zo ran kasuwa.